Buhun Uwar Albasa da Ka Bar Mini

Zuwa ga maigidana, Malam,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, da ladabi da biyayya irin wadda ta kamaci mace ga mijinta, ina fatan takardar nan za ta same ka da rai da lafiya a duk inda Allah Ya ajiye ka. In ka tambaye mu, muna nan lafiya, sai kewarka. 'Yarmu Ladi ta yi wayo, har ta fara famfara, kuma kafiyarka ta kwaso tas.

Daga Anacha nake rubuto maka, da hannuna, da karatun yaƙi da jahilcin nan da kake yi mini dariya a kansa kana cewa baƙaƙena kamar kaza ta bi ta kan toka. Na rubuta takardar iri ɗaya har guda uku. Ɗaya na ba limamin Hausawan nan, ɗaya za a kai wa na Inugu, ɗaya na Fatakwal, a karanta bayan sallar Juma'a, ko Allah zai sa a dace da wanda ya gan ka. Sunanka dai ba zai fito daga bakina ba balle alƙalamina. Limamai sun san shi, su za su faɗa. Ka yi haƙuri in ka ji ina maimaita abin da ka fi ni sani, don ba kai kaɗai ke saurare ba, kuma ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Da kakar nan mai zuwa shekara huɗu ke nan da fitarka. Alƙali ya ce in sun cika babu labari, in shiga takaba. Na ce masa na ji. Amma a raina na ce ba zan yi wa mutum takaba a kan wataƙila ba. Ka bar mini amana ka tafi neman ragowarta. To, sai na gaya maka abin da na yi da tawa, kuma sai na san inda ka kai taka.

Bari in fara gaya wa mutanen nan garinku, kai ka gyara mini in na yi kuskure.

Kwarin Marke ƙauye ne na 'yan gidaje tsakanin tudu da rafi, tafiyar wuni guda a jaki zuwa tashar jirgi. Ka sha gaya mini kakan kakanka ne ya sari wurin a shekarar wata yunwa. Ya zo da matarsa da jaki ɗaya da gorar irin albasa, ya sauka a gindin wani marke don jakin ya ƙi gaba. Ni kuwa kullum sai in ce ashe jaki ne ya kafa garinku, kai kuma ka ce shi ya sa na dace da garin.

Da damina ana noma gero da dawa na ci, da 'yar gyaɗa ta biyan haraji. Amma abin da ya riƙe garin albasa ce. Da ruwa ya ɗauke, maimakon maza su naɗe tabarma su tafi ci-rani kamar na ƙauyukan kewaye, sai su gangara fadama, a kafa jigo, a ja fangali. Tun hantsi bai dubi ludayi ba kukan jigo ya cika kwarin. Mata kuma mu tara lawashi mu daka, mu cura gabu mu shanya a kan rufin ɗaki. Da albasa ake aure a garin, da ita ake suna, da ita ake sake jinka. Ban taɓa ganin an rufe gida a Kwarin Marke don yunwa ba, har zuwa shekarar da zan ba da labari.

Albasar kuwa ba irin ta kowa ba ce. 'Yar Marke muke ce mata. Ƙarama ce, ja har tana baƙi-baƙi, wuyanta siriri, ga tauri kamar goruba. A kasuwannin Arewa raina ta ake yi don ba ta cika ido. Amma a nan Kudu, inda iskar ma jiƙaƙƙiya ce, manyan albasar nan masu ban sha'awa sati biyu sun zama ruwa, ita kuwa sai ta yi wata uku a kan tebur tana kallon mutane. Da fatake suka gano haka suka riƙa zuwa har gona suna kwasa a wulaƙance, sai dattawa suka ga gara garin ya sami nasa mutum a Inugu. Aka zaɓe ka, wai don ba ka da surutu kuma ba ka iya ƙarya ba. Ni dai na san zance ɗaya ne gaskiya a ciki, don a gida surutunka ba ya ƙarewa in an taɓo albasa. Haka muka zo muka kama ɗaki a unguwar Ogui, kai kana rumfa, ni ina tuya waina a ƙofar gida.

Akwai doka ɗaya a garin da ba a rubuta ba. Kowace shekara in an cire albasa, sai a zaɓi mafi kyau a jera su daban a rudu, ɗan dandamalin karan nan da iska ke ratsawa. Su muke kira uwa. Ba a cin su, ba a sayar da su. In sanyi ya shigo a mayar da su ƙasa, su yi fure su ba da baƙin iri. Shi kuwa baƙin irin ba shi da jimiri, ya wuce shekara ya mutu a cikin gora ba ka sani ba. Ke nan duk shekara sai an sabunta, in aka tsallake ɗaya shi ke nan. Babanka, Allah Ya jiƙan sa, yakan ce, "Wanda ya sayar da uwa ya sayar da baɗi."

A shekarar da abin ya faru babanka ya riga ya rasu, gida yana hannun ƙanenka Sale. Sale yana nan tare da ni a Anacha, zai kuma ji takardar nan a masallaci, amma ba zan fasa faɗa ba: albasa ba ta yi halin ruwa ba. Hanya ta fara ban tsoro tun farkon damina, kaya ba sa saukowa Kudu kamar da, farashi ya yi tashin gwauron zabo. Sale da sa'o'insa suka zauna suka yi dabararsu. Suka zuba baƙin iri duka a wurin reno a bakin rafi tun ruwa bai ɗauke ba, don su riga kowa dashe. Sannan suka ce tun da iri ya riga ya tsiro, me uwa take yi a rudu, ai baɗi a zaɓi wasu. Sarkin Noma ya yi magana aka ce tsufa ne. Suka share rudu tas, ko ta miya ba su bari ba, suka ɗura uwayen garin gaba ɗaya a buhu uku suka haɗa da kaya suka sa a jirgi.

Tun daga tasha dillalinka na Anacha ya ɗauki biyu daga cikin ukun, ba ka sani ba. Sai da ka kwance bakin na ukun a rumfa ka gane abin da ke ciki. Ranar ka dawo gida da azahar, abin da ba ka taɓa yi ba, na ajiye maka tuwo har ya huce ba ka taɓa shi ba. Ka ɗauko buhun a kanka ka jingine shi a ƙuryar ɗakinmu, kusa da jeren tasoshina.

Bayan kwana kaɗan saƙo ya iso ta hannun wani fasinja. Rafi ya yi ambaliya, ya bi ta kan wurin reno, bai bar ko tsinke ba. Na ga ka zauna a bakin gado ka riƙe kai. Ni a lokacin ban gama fahimta ba, sai da ka nuna mini buhun ka ce duk 'yar Marke da ta rage a duniya ga ta nan, da biyun da ke Anacha.

A makon ne kuma jiragen ƙasa suka fara isowa daga Arewa da mutanen ƙasar nan, waɗanda aka yi wa abin da bai kamata a yi wa ɗan Adam ba. Ban je tasha ba, amma na ji kukan matan unguwa, kuma kukan ya ishe ni labari. Masu sayen wainata suka daina zuwa. Waɗanda muke gaisawa kullum suka koma kau da kai. Ban ga laifinsu ba, amma na ji tsoro irin wanda ban taɓa ji ba. Aka ce duk ɗan Arewa ya haɗa kayansa, za a ba da jirgi.

Kowa yana ɗaure kaya, kai kana neman motar Anacha. Na yi maka magana, na yi kuka, na ce albasa ce fa, ba mutum ba. Na tuna na faɗi wata maganar da ta fi wannan zafi, wadda ba zan sa a takardar masallaci ba, kuma ina roƙonka gafararta. Ka ce buhu ɗaya ba ya da tabbas, rabinsa zai ruɓe a hanya, kuma gari guda ne ya rataya a kansa. Ka ɗauki Ladi ka cilla ta sama ka cafe, ka miƙo mini ita. Abin da ka ce a bakin ƙofa shi ne, "Gobe war haka ina nan. In ban zo ba, ki bar komai ki ɗauki buhun."

Gobe ta yi ba ka zo ba. Jibi ma haka. Rana ta uku aka ce jirgin yau ne, mai jira ya jira wa kansa.

Ina tsaye tsakar ɗaki, ga goyo, ga buhun da ya fi ƙarfina, ga tasoshin aurena da fantekar da innata ta ba ni, sai Mama Obi ta shigo. Ka san ta, ita ce ke sarin albasa a wurinka tana kasawa a bakin titi, mai ce mini nwunye Malam, wato matar Malam. Ƙanenta yana aiki a Arewa, kwana biyar tana zuwa tasha tana duba fuskokin masu saukowa ba ta gan shi ba. Idonta ya kumbura. Ba ta gaishe ni ba. Ta dubi buhun, ta naɗa gammo, ta ce in taya ta. Ita ta ɗauke shi a kanta tun daga Ogui har tasha, tana gaba ina bin ta a baya da mayafinta a kaina, don ba mai tare mace 'yar gari da kayan kasuwa. A bakin layin 'yan sanda ta sauke, ta juya ta tafi, ko waiwaye ba ta yi ba. Tasoshin kuwa na bar su a jere yadda suke.

Taragon kaya aka cusa mu, ba wurin miƙe ƙafa. Wani mutum ya ce a jefar da buhun a sami wurin zama, na haye kansa na zauna na ce ga wurin zama nan na samu. Har muka haye gadar Makurɗi ban tashi ba sai don larura, kuma ko a nan sai na ɗora Ladi a kai.

Ga abin da ban taɓa gaya wa kowa ba. Kwana biyu jirgin yana tsayawa yana tafiya, ba abinci, kuma warin albasa ba ya ɓoyuwa. Mutane suka fara roƙo. Na zura hannu na lalubo waɗanda suka fara laushi na ba wani tsoho da ba shi da lafiya. Sai wata mata mai 'ya'ya uku ta miƙo hannu, laushin kuwa sun ƙare, saura masu kyau. Na hana ta. Ba ta zage ni ba, da ma ta zaga. Ta dai dube ni, ta dubi Ladi, ta janye hannunta. A Kafancan aka kawo mana burodi da ruwa, 'ya'yanta suka ci, ba wanda ya mutu. Amma har yau in na rufe ido ina ganin hannun nan. In tana cikin masu jin takardar nan, ta yafe mini don Allah. In da za a sake, zan sake hanawa, kuma zan sake jin kunyar.

Na isa Kwarin Marke a kan jakin wani mai tausayi, ba tasa ba tabarma, sai buhu mai ɗigar ruwa. Matan gari suka fito tarya, da suka ga kayan nawa wasu suka rufe baki suna dariya, wai kowa ya gudo da dukiyarsa matar Malam ta gudo da kayan miya. Mazan ba su yi dariya ba. Sun san abin da ke ciki.

Na zazzage shi a inuwa na tsince. Kamar yadda ka faɗa, fiye da rabi ya tafi. Masu rai ba su wuce cikin ƙwarya uku ba. Nan take rigima ta tashi, kowane gida yana cewa da uwayensa a ciki, a raba a ba kowa nasa ya dasa a lambunsa. Alhali sun riga sun sayo wani iri a kasuwa, na farar albasar nan mai ruwa, sun cika fadama da shi. Ni kuwa na sha jin ka kana cewa uwa ba ta son kaɗaici kuma ba ta son baƙo: a dasa su wuri ɗaya ƙudan zuma ya haɗa su, a kuma nisanta su da wata albasa, in ba haka ba 'ya'yan su fito ba su ga uwa ba su ga uba. Ashe duk surutun da nake cewa ya ishe ni yana shiga.

Na yafa mayafi na tafi zauren Sarkin Noma, abin da mace ba ta yi a garin. Na durƙusa na faɗa masa yadda ka ce. Sale yana wurin, ya ce yaushe mace ta fara koya wa maza lambu. Na ce tun ranar da maza suka sa uwa a jirgi. Sai tsohon ya ce wanda ya ɗauko kaya shi ya san nauyinsa, a bar mini su.

A bayan tudu na dasa su, wajen tsohuwar rijiyar nan da aka daina sha, inda ko warin fadama ba ya kaiwa. Babu jigo a can, da guga na riƙa ja, safe da yamma, Ladi tana zaune a gindin kalgo. Tafin hannuna ya fashe ya warke ya sake fashewa. Na kewaye wurin da ƙaya saboda awaki, na yi faɗa da masu awakin har da wadda kuke uwa ɗaya uba ɗaya da mijinta. An ce na haukace, an ce baƙin cikin miji ne. Wataƙila da gaskiyarsu, don kowace safiya ina ban ruwa ina kallon hanyar tasha.

Ranar da suka yi fure, Malam, da ka gani. Kawuna farare ƙwal, zuma tana ta kai da kawowa. Na zauna a kan kunya na yi kukan da ban yi ba tun Inugu. Da suka bushe na yanke na murje na sheƙe, baƙin iri ya cika gora ɗaya har wuya. A zauren Sarkin Noma aka raba, kowane gida ludayi guda. Waɗanda suka yi dariya su suka riga kowa miƙo ƙoƙo.

Sai kuma yaƙi ya ɓarke, hanyar Kudu ta rufe ruf. Albasar da aka sha wahalar ceto ta rasa mai saye, don a kasuwannin kusa ba a daina raina ta ba. Fadama ta yi shiru. Samari wasu suka shiga soja, wasu suka naɗe tabarma suka tafi ci-rani, abin da kakanninsu ba su taɓa yi ba. Gida huɗu na gani da idona an toshe ƙofarsu da ƙaya. Aure ya koma sai an ci shekara ana ɗaga biki. Waɗanda suka rage suka koma gyaɗa da rogo, suna tambayata wa zan sayar wa da nake ta wahala. Na ce ban sani ba. Na dai san yaƙi yana ƙarewa, iri kuwa in ya mutu ya mutu. Shekara uku ina zaɓen uwa, ina dasawa a bayan tudu, ina zagawa gida-gida da ludayi ina roƙon mutane su zuba ko fangali biyu ne. Da gabu da waina na ciyar da kaina da 'yarka, ban kai ƙara wurin kowa ba.

Da aka ce yaƙi ya ƙare, sai ga labari cewa Kudu ba abinci, kome aka kai za a wawashe. Ka san abin da ya biyo baya? Wallahi sai na ji ana shawarar a share rudu har da uwa, wai dama ce da ba ta dawowa. Mutum dai ba ya jin magana. Na shimfiɗa tabarma a bakin rudu na zauna kwana biyu da carbina. A na uku Sale ya zo ya tsaya a kaina. Na shirya masa baƙar magana, sai ya sunkuya ya fara taya ni ware uwa. Shi da bakinsa ya je ya faɗa a zaure cewa daga yau ba mai ɗaure buhu sai ya kai kason uwa hannuna. Na faɗi laifinsa a bainar jama'a, to ga alherinsa ma na faɗa.

Da shi muka biyo motar kaya muka sauko. Inugu tana nan, amma kamar mutumin da ya tashi daga doguwar jinya. Ɗakinmu na Ogui ba rufi, ciyawa ta fito inda gadonmu yake. Hausawa sun fara dawowa ɗaya-ɗaya, an share masallaci an shimfiɗa buhuna a madadin tabarmi. Na bi su da tambaya, ba wanda ya gan ka. Na aika Fatakwal wurin waɗanda suka koma can, su ma haka.

Na sami Mama Obi. Da ba ta ce nwunye Malam ba da ban gane ta ba, ta zama kamar kara. Ƙanen nata bai dawo ba, ɗanta Obi ma ya tafi yaƙi bai dawo ba. Muka zauna a dakalin gidanta muka riƙe hannun juna, Hausarta ta tsere, Iboncina bai taɓa yin ƙwari ba, ba mu ma nemi magana ba. Buhun farko da aka sauke daga mota na sa aka kai ƙofarta. Ta buɗe ta ɗauki ɗaya ta shinshina, ta gane ta.

Daga nan muka wuce Anacha. Babbar kasuwar da kake ba ni labari ta ƙone, a ƙasa ake ciniki a kan buhu da ganye. Dillalinka ya rasu a gudun hijira, amma na sami matarsa. Ta ce lalle ka iso wurinsu a lokacin. Ta ce mijinta ya fito maka da buhunan biyu ba musu, ya ce ka yi sauri. Sai dai hanyar komawa Inugu ta riga ta ɓaci, ba direban da zai ɗauki Bahaushe. Ganinta na ƙarshe da kai, kana tura amalanke ka nufi bakin kogi, jini yana zuba a gefen kanka, ka ƙi sakin amalanken. Iyakar abin da ta sani ke nan.

Na gangara bakin kogin don kawai in ga inda ka bi. Jiragen ruwa na Nufawa suna sauke kaya, kifi busasshe da shinkafa da tukwane. Ina tafe ina kallon ƙasa sai na ga albasa a kan wata tabarma. Ƙafata ta tsaya da kanta. Na durƙusa na ɗauki ɗaya, na latsa wuyanta, na ɓare ɓawon, na gatsa. Malam, 'yar Marke ce. Ba mai kama da ita ba, ita ce, tsantsarta, ba gauraye. Mu kuwa ba mu taɓa kai kaya ta ruwa ba, kuma namu suna kan mota ban kwance ba. Sannan an kitse lawashinta dami-dami, an soke ƙarshen kitson ta hagu. Duk Kwarin Marke bahago ɗaya na sani mai kitsa albasa, kai ne.

Mai jirgin da ya kawo ta dattijo ne, yana jin Hausa. Ya ce a wani ƙauyen bakin ruwa yake sarinta, sama da Lakwaja, kwana shida in ruwa ya yi daɗi. Da can ba sa noma albasa, sai 'yan shekarun nan. Ya ji an ce wani baƙo ne aka tsinta a jirgin masunta da rauni a ka da buhu biyu, ba ya iya faɗin garinsu. Na tambaye shi ko baƙon yana da rai. Ya ce shi bai taɓa ganin sa ba, a bakin ruwa ake kawo masa kaya, ba zai yi mini ƙarya ba. Abin da ya sani kawai shi ne mutanen suna da wani lambu can nesa da gari da ba sa bari a shiga, kuma ya taɓa taya manyan da ya gani a jere a kan dandamali, aka ce masa waɗannan ba na sayarwa ba ne.

Jirgin zai juya ranar Asabar, kuma ina ciki. Sale ya ce mace ba ta bin kogi kwana shida a kan maganar albasa, na dube shi kawai, ya je ya nemo mana wuri biyu. Kaya kuwa na sa a mayar da su Inugu hannun Mama Obi. Takardar nan kuwa a karanta ta duk da haka, don ko na yi kuskure, ko wani ya san abin da mai jirgi bai sani ba.

In na same ka a bakin fangali, ko ka gane ni ko ba ka gane ni ba, zan zauna kusa da kai in yi ta ba ka labarin jakin da ya ƙi gaba har ka tuna hanyar gida. In kuwa lafiyarka ƙalau ka yi shiru shekara huɗu, to ka fara shirya amsa tun yanzu, kwana shida gare ka. Na yi kewarka, Malam. Ban taɓa faɗa maka irin wannan magana ido da ido ba, yau ga shi na faɗa a gaban masallaci uku.

In kuma tudun ƙasa za su nuna mini, wanda ka koya wa kitson hagu shi zai kai ni. Zan yi maka addu'a a kai, in gaya maka buhunka ya isa gida, in dawo in shiga takaba da sanin wanda nake yi wa. Za ta faɗo daidai lokacin dashen uwa. Na riga na tambayi liman, ya ce mai takaba tana iya fita da rana in akwai larura. Na ce masa akwai.

Allah Ya sa kana da rai. In Ya riga Ya karɓe ka, Ya sa ka huta, Ya haskaka makwancinka, Ya haɗa ka da babanka a inuwar da ba ta gushewa. Allah Ya jiƙan duk waɗanda suka tafi a fitinar nan, namu da nasu, Ya ba Mama Obi haƙuri, Ya saka wa waɗanda suka tsince ka da alheri. Allah kada Ya maimaita mana. Amin.

Ni ce matarka har yanzu,
Hajara, uwar Ladi,
daga bakin kogi, Anacha.